Yadda Za Ka Yi Wa 'Yarka Walimar Gama Karatu Alhali Yanzu Ta Fara

Kai uban ɗalibi, jawo kujera. In ka bi matakan nan yadda na jera su, ga alkawarina: za ka yi walimar gama karatun ɗanka tun bai gane hanyar ajinsu ba, a ci a sha a yi maka barka, kuma ka fito daga kunyar da hularka daram a kanka. An gwada an gani. Wanda ya gwada yana nan da ransa a Mubi, Alhaji Harun mai fataucin wake da gyaɗa, wanda kakanninsa suka zo garin nan daga Barno da mudunsu a hannu. Ya yarda in ba da labarin da sharaɗin kada in kwatanta gidansa, don haka ba za ka ji daga bakina cewa shi ne mai shuɗiyar ƙofa kusa da injin markaɗe ba.

Kada ka nemi takarduna, a aji huɗu na firamare muka yi hannun riga da boko. Amma hayar rumfa da kujeru da lasifika nake bayarwa, kuma babu jawabin uba a wurin walima da ban saurara ba tun daga bismilla har zuwa a sauka lafiya. Mai kwashe kujeru ya fi mai zama a kansu sanin yadda taro ya tashi.

1. Nemi maƙwabcin da zai tsone maka ido

Babu uban da ke tura ɗa karatu mai zurfi haka siddan. Sai ya ga na wani.

Alhaji Harun bai sha wahalar nema ba. Katanga ɗaya ta raba shi da Malam Seth, tsohon hedimasta, mutumin Michika, wanda ya yi ritaya ya koma noman masara. Aminai ne na gaske: ran Kirsimeti shinkafa ta tsallako katanga, ran Sallah cinyar rago ta tsallaka. Abu guda ne ke ci wa Alhaji tuwo a ƙwarya. A falon Malam Seth, daidai inda idon baƙo ke fara sauka, akwai hoton ɗansa Zira cikin wata doguwar baƙar riga mai faɗin hannu, da hula mai kama da faifai, igiya na lilo a gefe. Ranar da ya gama jami'a aka ɗauka.

"Shekara huɗu, Alhaji," Malam Seth kan ce, yana goge gilashin hoton da hannun riga, alhali ko ɗigon datti babu. "Shekara huɗu yaron nan ya yi kafin wannan rana."

Alhaji kan ce "Masha Allah", ya koma gida ya ce miyar yau ba gishiri.

In maƙwabcinka ba shi da irin wannan hoto, tashi daga unguwar. Zama kusa da shi ba zai ƙare ka da komai ba.

2. San makarantun, amma kada ka zurfafa

Da 'yar Alhaji, Haula, ta gama sakandare ta rubuta Jam, jarabawar shiga manyan makarantu, Malam Seth ya zaunar da amininsa a gindin darbejiya don ya warware masa hanyoyin. Na ji da kunnena, ina gefe ina gyaran ƙafar kujera.

Jami'a, in ji shi, shekara huɗu a ba ka digiri. In likita ne ko lauya a ƙara, in malamai sun tafi yajin aiki a ƙara wa ƙarin. Poli kuwa hawa biyu ce: shekara biyu ƙaramar difloma, a sallame ka shekara guda ka je ka koyi aiki a hannun masu yi, ka dawo shekara biyu babbar difloma. Kwalejin horon malamai shekara uku, a ba ka shaidar koyarwa. In ka ga dama ka riƙe ta ka faɗa jami'a daga aji biyu, kuma mai difloma ma yana iya wannan tsallaken. Ga makarantun jinya da na kiwon lafiya. Ga share fage, don wanda makinsa ya gaza. Akwai ma jami'ar da ake karatunta daga gida, amma wannan ni nake ce maka ka guje ta: yaro kullum yana tsakar gida da silifa, wa zai yarda ɗalibi ne?

Duk wannan Malam Seth ya faɗa, har da zane a ƙasa da tsinke. Alhaji yana gyaɗa kai yana "ƙwarai, ƙwarai", hankalinsa na can kan wata motarsa da ta maƙale a mayo, wato kogi, da buhunan wake. Abu biyu kawai suka shiga kunnensa: Haula ta samu Poli za ta karanci lafiyar dabbobi, kuma a Poli ana saurin samun takarda.

Haka za ka yi. Bayani kamar kanwa yake, kaɗan ake jefawa. Uban da ya fahimci komai sau ɗaya yake walima.

3. Yi tafiya ranar da ya kamata ka zauna

Makarantun nan suna da wata al'ada da ba kowane uba ya sani ba. In sababbin ɗalibai sun ɗan kwana biyu, sai a tara su a fili a rantsar da su cewa za su bi doka, ba satar amsa, ba shiga ƙungiyar asiri. Matirik suke kiran ranar. Don kuma a rikita bayin Allah, sai a ara musu riga da hula irin ta masu gamawa sak, su sha hoto, in an tashi su mayar. Wato rigar shiga da rigar fita ɗinki ɗaya ne. A ina aka taɓa sa wa jariri da ango kaya iri ɗaya?

Ranar matirik ɗin Haula, Alhaji yana Belel, can bakin iyakar Kamaru, yana awon gyaɗa. Waya ta yi ƙara. Ya duba, sai ga Haula: baƙar riga har ƙasa, faifai a bisa hijabi, igiya na lilo. Ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya duba hannun rigar, ya duba igiyar. Irin ta Zira ce, ba bambanci ko na zare.

Ya ƙirga da yatsa. Watanta uku da shiga.

To nan ake gane gwani: kada ka kira kowa ka tambaya. Tambaya ita ke kashe walima. Alhaji ya danna wayar ya yi magana a cikinta, ya tura wa zauren hirar waya na 'yan kasuwar hatsi, da na dangi, da na masallacin unguwa: "Jama'a, a taya ni godiya. Abin da 'ya'yan wasu ke shekara huɗu suna nema, Haula ta naɗe shi a wata uku. Ƙwaƙwalwar gidanmu ce. Walima ranar Asabar."

Bai ambaci sunan kowa ba. Amma wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

4. Kada ka bar kowa ya kai ƙarshen magana

Gaskiya a ƙarshen jimla take zama, don haka ka riƙa tarar ta tun a tsakiya.

Ko da Alhaji ya dawo, matarsa Yakaka ta tare shi tun daga zaure. "Alhaji, wannan rigar fa ai ta..."

"Na gani, Yakaka, ni ba makaho ba ne. A ɗora tukunya."

Haula ta durƙusa. "Baba, ranar rantsuwa ce fa, wato..."

"To da fa? Likitan mutane ma sai ya rantse kafin a sallame shi. Allah ya yi miki albarka, je ki huta, kin sha karatu."

Yakaka ta buɗe baki za ta ƙara, sai ta hango ragon da ake ɗaurewa a gindin gwanda. Ta dube shi daga ƙaho zuwa wutsiya, ta tuna rabon gidan da nama mai yawa tun layya, ta mayar da bakinta ta rufe. Mai hankali ba ya gardama da rago.

Ranar Asabar na kafa rumfa ta tare layi. Aka wanke hoton ya kai girman taga, aka jingine shi a kan tebur. Yaya Nafisatu, yayar Alhaji, ta yi guɗa har sai da lasifikata ta ji kunya. Alhaji ya tashi cikin babbar riga ya sanar da cewa daga yau babu Haula a gidan nan, sai Dakta. Ita kuwa Dakta tana ƙuryar ɗaki ta rufe fuska da matashi.

Malam Seth yana kujerar gaba. Ya dubi hoton, ya dubi amininsa, ya gane komai. Amma ba a kwance wa amini zani a kasuwa.

"Barka, Alhaji. Rigar ta karɓe ta ƙwarai. Ina ta ajiye ta, mu taɓa mu samu albarka?"

"Tana wurin wanki," in ji Alhaji.

"Haka ne, irin rigar nan tana daɗewa a wurin wanki," in ji Malam Seth, ya ƙara tsoka ɗaya.

5. Tare ƙofa ranar Litinin

Wannan mataki ba shi da daɗi, kuma ina gargaɗinka kada ka daɗe a cikinsa.

Litinin da safe Alhaji yana shan kunu a tsakar gida, sai ga Haula ta fito da jaka a kafaɗa.

"Ina zuwa, Dakta?"

"Makaranta, Baba."

"Me kika manta a can?"

"Ban manta komai ba, Baba. Lakca muke da ita."

Ba rago, ba baƙi, ba lasifika. Wannan karon jimlar ta kai ƙarshe. Haula ta yi masa bayanin rigar aro tiryan-tiryan. Alhaji ya ajiye kofin, ya nemi turmi ya zauna a kai.

"To yanzu nawa ya rage?"

"Kusan duka, Baba."

Ya tuno saƙon da ya tura wa zaure uku. Ya tuno guɗar Yaya Nafisatu. Ya tuno 'yan kasuwar hatsi, mutanen da in ka yi tuntuɓe da safe, kafin azahar sun raɗa maka suna. In aka ga yarinyar nan da jaka tana bin hanyar Poli, ya kaɗe.

"Ajiye jakar. Ba inda za ki sai mutane sun manta."

"Baba, jarabawar zangon farko mako mai zuwa ce. Wanda bai zauna ba cire sunansa ake yi. Sai dai in sake Jam baɗi, kuma ba tabbas in samu."

"Mutanen Mubi su manta?" in ji Yakaka daga madafi. "Har yau ana labarin motarka da ta sha ruwa a mayo."

"To ta riƙa fita ta ƙofar baya."

"Gidan nan ba shi da ƙofar baya, Alhaji. Kai ka toshe ta ka yi sito."

"To a ce aiki suka ba ta. Ita ke koyar da su."

Haula ta sunkuyar da kai. "Baba, duk abin da ka ce zan yi, ban da wannan. Ranar da na sa rigar nan rantsuwa na yi, ba zan yi ƙarya ba."

Alhaji ya miƙe ya ce ya gama magana. Haula ta koma ɗaki. Kwana biyu tana bita ita kaɗai, tana kiran ƙawayenta a waya su karanto mata abin da aka yi a aji, tana share ido da bakin hijabi. Yakaka ta daina sa wa Alhaji man shanu a tuwo. Shi kansa ba daɗin yake ji ba; ya kan tsaya a bakin ƙofar ɗakin kamar zai yi magana, sai ya tuna 'yan hatsi, ya wuce. Girman kai rawanin tsiya ne, ga nauyi ga zafi, kuma mai shi ba ya iya kwance shi da kansa.

6. Jira akuya

Ba sai ka aika mata ba. Duk wanda ya kira 'yarsa likitar dabbobi a garin da ke da kasuwar shanu irin tamu, akuya na nan tafe.

Ta Alhaji ranar Laraba ta iso, bayan la'asar, lokacin da majalisar ƙofar gida ta cika. Keke mai ƙafa uku ya tsaya, Joel ya sauko, manomi daga Mugulbu wanda ke sayar wa Alhaji wake, kuma ya ci naman walima ya ƙoshi. Ya rungumo akuya, cikinta kamar an hura salka.

"Alhaji, sannu da hutawa. Akuyan nan bai ci komai ba tun jiya, cikin shi ya tashi kaman ganga. Na ce me zai kai ni asibitin dabbobi, ga Dakta a gida?"

"Dakta tana hutawa," in ji Alhaji.

"Ba damuwa, zan jira shi."

Akuya ta yi wani kuka mai ban tausayi. Majalisa ta ce haba Alhaji, a taimaki dabba. Kafin ya samo wata dabara, Yakaka, wadda ke bayan ƙofa tana jin komai, ta turo Haula waje.

Haula ta gaida dattawa. Ta tsuguna ta dubi akuyar, ta dubi Joel, ba ta dubi mahaifinta ba.

"Baba Joel, ka yi haƙuri. Ni yanzu na fara. Wallahi ko kaza ba a ba mu mun taɓa ba tukuna, Turanci muke yi da lissafi da yadda ake aron littafi. Don Allah ka yi sauri ka kai ta asibitin dabbobi, kada ka tsaya a kaina ta mutu."

Joel ya sungumi akuyarsa ya faɗa keke. 'Yan majalisa suka juyo suna kallon Alhaji. Sai Mahamat mai shayi, wanda bakinsa ba shi da linzami, ya ce, "Alhaji, mu dawo da ragon ne?"

7. Naɗe tabarmar kunya da ƙirga

An ce da hauka ake naɗe ta. Wannan tsohon yayi ne. Yanzu da ƙirga ake yi, amma sai kana da amini a kusa.

Malam Seth ya yi gyaran murya irin ta hedimasta, wadda ke sa ko dattijo ya gyara zama.

"Ku ne ba ku san sha'anin ba. Zira nawa, duk shekara huɗun da ya yi a jami'a, sau biyu kacal ya sa rigar nan: ran shiga da ran fita. Haula, 'yata, ke sau nawa za ki sa?"

Haula ta ɗaga yatsu. "Shiga ƙaramar difloma, da fita. Shiga babba, da fita. Huɗu, Malam. Sai kakin bautar ƙasa."

Na ga fuskar Alhaji a lokacin, kamar an dawo da wuta bayan mako guda. Ya dubi yatsun nan huɗu. Ya dubi katangar Malam Seth, wadda a bayanta hoto ɗaya tal ke rataye. Ya miƙe ya gyara babbar riga.

"To kun ji da kunnenku! Biyu da huɗu wa ya fi? Ni zan kai 'yata makarantar riga biyu? Waccan walimar ta farko ce, saura uku. Wanda bai ƙoshi ba ya jira."

"Amma Alhaji, a waya ka ce ta naɗe karatun," in ji Mahamat.

"Daga Belel na yi saƙon. Sabis ɗin Kamaru ke shigowa can, yana yanke magana ya haɗa ta yadda ya so."

"A wurin walima fa? Ka ce Dakta."

Alhaji ya waiga, idonsa ya faɗa kaina. "Lasifikar wancan ce. Tana ƙara gishiri."

Na amsa cewa lalle tana yi. Mutum mai hayar rumfa ba ya musu da mai sauran walima uku.

8. Kai ta da kanka, ta tsakiyar kasuwa

Abin da ka kasa ɓoyewa, ɗora shi a ka. Washegari Alhaji ya ɗauki shatar keke, ya sa Haula a ciki da jakarta, ya shiga ya zauna a gefenta, ya ce wa direba ya bi ta layin 'yan hatsi kuma kada ya yi gudu.

Ana shirin tashi sai ga Malam Seth ya leƙo da fartanya a kafaɗa.

"Alhaji, na manta ban gaya maka ba. Zira ya samu gurbin digiri na biyu. Riga biyu ke nan ƙari."

Alhaji ya ƙirga a ransa. Huɗu da huɗu, kunnen doki. Ya juya ga Haula.

"Ke, bayan babbar difloma akwai wani abu?"

"Akwai, Baba. Wata diflomar ta shekara guda, sai digiri na biyu, sai na uku. A nan ake kiran mutum dakta ba wanda zai yi dariya."

"Da riga?"

"Da riga, Baba. Ta ƙarshen ma hularta daban ce."

"Ko Zira bai sa irinta ba?"

"Bai sa ba."

"To ki buɗe kunne. In kika tsaya kafin hular nan, ni da ke ne. Direba, mu je, za ta makara."

Yakaka ta leƙo daga zaure ta ce, "Sai a fara kiwon raguna." Malam Seth ya saɓa fartanyarsa ya nufi gona yana murmushi shi kaɗai.

Haula ta zauna jarabawarta. Bara aka yi walima ta biyu, ta gaskiya, kuma Joel ya zo da 'yar akuya kyauta, jikar waccan mai kumburi. Wannan karon Haula ta buɗe mata baki ta duba haƙora kafin ta ce ta gode.

A kula

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. In ka yanka rago sannan aka gane ka, tsakaninka da ragon. In matarka ta janye man shanu, ba ni na aura maka ita ba. In ɗanka ba irin Haula ba ne, ya ji ka ce ya gama ya ce "haka ne, Baba", ya miƙe ƙafa a gida yana jiran a kira shi injiniya, kai ka haife shi. In maƙwabcinka ba irin Malam Seth ba ne, kada ma ka fara. Lasifikata kuma sau ɗaya take ɗaukar laifin mutum, na biyu nemi taka. Mutane za ka iya rufe musu baki da nama, majalisa za ka iya juya ta da ƙirga. Amma in akuya ta iso ƙofar gidanka, kada ka ce ban gaya maka ba: ita ba ta duba hoto.